Daga Jidda zuwa Abha a mota: yadda za ka shirya, da yadda ake bin hanyar duwatsu

Duk wanda ya yi bazara a Jidda ko Makka ya san lokacin da zafi kan kai mutum bango, a fita da wanka a dawo kamar an tsamo mutum daga ruwa. A irin wannan lokaci ne Larabawan gari ke ɗaure kaya su nufi kudu, su hau duwatsun Sarawat, mu kuma mu zauna muna fifita muna cewa sai an samu hali. To halin bai kai yadda muke zato ba. Da yawa cikinmu Hausawan Saudiyya an haife mu a nan, ko mun shekara ashirin, amma in ka cire Makka da Madina da Jidda babu inda muka taɓa takawa. Ni kaina sai da na yi iyali sannan na fara ganin Abha.

Hanyar da zan bayyana zagaye ce. Ka tashi daga Jidda ka hau Ɗa'if, ka bi kan duwatsu zuwa Baha, ka zarce Abha, sannan ka gangaro ka dawo ta gaɓar teku. Jidda zuwa Ɗa'if kimanin kilomita 170 ne, Ɗa'if zuwa Baha kimanin 220, Baha zuwa Abha ya ɗan haura 300, dawowa ta gaɓa kuma ta haura 600. Da 'yan ratse-ratse, ka lissafa kilomita 1,500. Ka ba ta kwana shida ko bakwai. Masu yin ta a kwana uku suna nan, amma su kwalta kawai suka gani.

Takardu tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar, buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, ka duba abubuwa huɗu: iƙamarka (katin izinin zama) da ta iyalinka, lasin tuƙi, istimarar mota (takardar rajistarta), da inshora. Ka duba kuma ko wa'adin fahas bai ƙare ba, wato binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara. In motar ba da sunanka take ba, ta kafili ce, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ko ta ɗan'uwa, sai mai ita ya yi maka tafwili a Absher, izinin tuƙi ke nan a hukumance. Kar ka ce ai motar Yaya ce, kowa ya san mu. Jami'in da ke shingen bincike tsakanin Baha da Asir, yankin da Abha take, bai san ku ba, kuma in aka yi haɗari maganar inshora takan rikice in direban ba shi da izini.

Wanda takardunsa ba su cika ba, shawarata ya haƙura da wannan tafiya har su cika. Akwai shingaye a hanyar kudu, musamman ta gaɓa, kuma ana duba kowa a mota.

Sai lokaci. Hanyar Jidda zuwa Ɗa'if ta Makka take bi, kuma daga ƙarshen Shawwal zuwa bayan Hajji ana tsaurara shiga Makka, wanda ba shi da tasrihi, wato takardar izinin shiga, a shingen Shumaisi za a juyo da shi. Akwai hanyar da ke kewaye haramin ta fitar da kai ɓangaren Ɗa'if, amma in da hali ka kauce wa wannan lokaci gaba ɗaya. Hutun makarantu na bazara shi ne lokacin da Abha ta fi daɗi kuma ta fi tsada. Da sanyi kuwa hazo ne ke sarauta a kan duwatsu.

Motar

Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, don in an taɓa wani abu ka samu kwanakin gwada ta a cikin gari. Ka gaya masa ƙarara cewa dutse za ka hau. A sauya baƙin mai in ya kusa, a duba ruwan lagireto da tiyoyinsa, fanbel, baturi, esi, da waifa. Waifa ita ce abin da 'yan Jidda suka fi mantawa, tunda sai a shekara ba a kunna ta ba, rana ta busar da robar, ranar da ruwa ya tare ka a garin Namas da ke kan duwatsu sai ta riƙa shafa laka a gilashi.

Abubuwa biyu ne zan dage a kansu, taya da birki.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1221, an yi tayar a mako na 12 na shekarar 2021. Taya tana iya zama da zanenta raɗau amma robar ta tsufa, kuma kwaltar Tihama, wato yankin gaɓar teku, da tsakar rana ba ta yafe wa tsohuwar roba. In ta kai shekara huɗu zuwa biyar a zafin ƙasar nan, ko ka ga ƙananan tsaga a gefenta, sauya ta. Iska kuma da safe ake aunawa, taya na sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Wasu kan rage iska wai don kar zafi ya fasa taya. Kuskure ne, tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ta fi ɗaukar zafi. Ka fito da safaya ka auna ta ita ma, ka tabbata jak da sifanar taya suna nan, ka kuma gwada kwance noti ɗaya da hannunka, don masu faci kan ɗaure su da inji har ƙato ya kasa kwancewa.

Birki kuwa a cire taya a duba shi da ido, kar a tsaya ga taka shi a ji yana kamawa. In ruwan birkin ya shekara biyu ko fiye ba a sauya ba, a sauya. Yana shan laima a hankali, kuma in ya yi zafi a gangara sai ya tafasa, ka taka birki ya tafi ƙasa kamar ka taka soso.

Kuɗi da guzuri

Mai shi ne mafi sauƙin lissafi. Tun watan Yulin 2021 aka tsayar da farashin lita a riyal 2.18 na 91, da 2.33 na 95. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 150 a duk zagayen, wajen riyal 330 ke nan. Ƙara wani abu a kai saboda hawan dutse da esi. Masauki ne ke cin kuɗi. Ga mai iyali, ɗakunan haya masu kaya a ciki, waɗanda ake kira shiƙaƙ mafrusha, sun fi otal, saboda akwai kicin. A lokacin hutu ka kama na Abha tun kana gida, kar ka isa da magariba da yara kana bin layi-layi ana ce maka a cike.

Kati yana aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda masu sayar da zuma da ruman a bakin hanya.

A but: katan biyu na ruwa, kula da ƙanƙara, fulas na shayi, tabarma ko darduma babba, buta, tocila, wayar haɗa baturi, ledojin shara, da maganin da kowa ke sha a kullum. Ka sa rigunan sanyi ko da a watan Yuli ne. Abha tana sama da mita 2,200 daga teku, kuma dare a can yakan sa ɗan Jidda rawar ɗari. Guzurin gida ya fi komai rufin asiri: dambun nama, soyayyen nama, cincin, dabino, garin kunu. Uwargidana takan dafa ƙwai ta soya miyar da za ta kwana biyu a kula, sai mu sayi gurasar tamis mai zafi a hanya. Yaron da mota ke juya wa ciki a ba shi abinci kaɗan, a ajiye leda kusa, don lanƙwasar da ke gaba ba ta da iyaka.

Sauke taswirar hanyar a waya tun kana gida, saboda akwai kwazazzaban da sabis ke ɗaukewa. Ka adana lambobi: 997 motar asibiti, 996 jami'an tsaron manyan hanyoyi, 998 'yan kwana-kwana, 911 kuma tana aiki a yankin Makka. Ka sa manhajar Najm a waya, su ne ke zuwa in an yi ƙaramin karo tsakanin motoci masu inshora.

Ranar tashi

Bayan sallar Asuba ake tashi. Annabi (SAW) yana son fita tafiya ranar Alhamis, kuma ga mai aiki ma ta yi daidai tunda Juma'a da Asabar hutu ne. A yi addu'ar hawa abin hawa, a naɗa shugaban tafiya in an kai uku. In akwai direba na biyu a yi yarjejeniya tun a gida kan inda za a riƙa karɓa. Tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, don haka in uwargida ko ƙanwa tana da lasi, shimfiɗaɗɗiyar hanyar gaɓa wurinta ne.

Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Yaro ƙasa da shekara goma ba ya zama a gaba. Kyamarorin Sahir suna kama gudu, suna kama rashin bel, suna kama waya a hannu, kuma saƙon tara zai riga ka isa masauki. Allon da ke gefen hanya shi ne doka, kuma yana sauyawa da sauri in an doso gari.

Hawan Hada

Hanyoyi biyu ne daga Makka zuwa Ɗa'if. Ta Sail ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake. Ta Hada ita ce mai kallo: cikin ɗan lokaci za ka tashi daga zafin Makka ka haye kusan mita 2,000, kunnuwa na toshewa, hanya na naɗewa a jikin dutse kamar rawani. Akan rufe ta in an yi ruwa mai ƙarfi ko hazo ko ana gyara, don haka ka bincika da safen. A hawa ka sa ido kan allurar zafin inji. In ta fara tashi, kashe esi, sauke gilashi, nemi wurin tsayawa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Za ka ga birai zaune a kan katangar hanya, gwaggon biri da iyalansa. Yara za su yi ta ihu a tsaya. In kun tsaya, gilashi a rufe. Na ga wani ya miƙa ayaba ɗaya, kafin ya ankara babban ya zura hannu ya fizge ledar gaba ɗaya daga cinyar matarsa. Ciyar da su ma hukuma tana hanawa.

Ɗa'if ta cancanci kwana ɗaya. A hau tsaunin Shafa da yamma, a sha shayi mai na'ana'a, a ci saliƙ, wato shinkafar da ake dafawa da madara da romon kaza har ta yi laushi kamar fate. In watan Maris ne ko Afrilu, lokacin tsinkar wardi ke nan, ka je gona da sassafe ka ga yadda ake zuba furen a manyan tukwanen tagulla ana tatsar turare.

Maganar salla: da zarar ka bar gidajen Jidda ka shiga hukuncin matafiyi, tunda tafiyar ta zarce kimanin kilomita 80 da malamai suka ƙayyade. Azahar, La'asar da Isha raka'a bibbiyu. A mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ka cika, haka in ka bi limamin gari. Kusan kowane babban gidan mai yana da masallaci da banɗaki, sai dai tsaftarsu ta bambanta, shi ya sa buta da sabulu ba sa barin motata.

Kan duwatsu: Ɗa'if, Baha, Abha

Nan ne zuciyar tafiyar, kuma nan ne ake kuskure. Mutum ya duba waya ya ga kilomita 300, ya ce awa uku. Ba hanyar Madina ba ce da ake zuba 140. Tana ratsa garuruwa, tana hawa tana sauka, ga tudun rage gudu, ga masu fitowa daga ƙauyuka. Baha zuwa Abha ka ware mata yini guda, ka kuma ƙudurta isa kafin magariba. Tankin mai kar ya sauka ƙasa da rabi.

A Baha ka kwana. Dajin Ragadan yana bakin gari, a gefen wani gagarumin rami inda gajimare ke tasowa daga ƙasa yana wuce ka. In kana da ƙarfin hali ka gangara zuwa ƙauyen Zi Ain, kimanin kilomita 24 daga gari, gidajen dutse ne a kan farin tsauni, ga idon ruwa da gonakin ayaba a gindinsa. Ƙasan da zafi, don haka da safe ake zuwa. Gaba kaɗan akwai Baljurashi mai tsohuwar kasuwar Asabar, sannan Namas da Tanuma, inda za ka ga gonaki hawa-hawa a jikin dutse da tsofaffin hasumiyoyin tsaro. A nan ne Kawuna, wanda ya kwana biyu bai ce komai ba sai tasbihi, ya ce a tsaya. Ya fita ya daɗe yana kallon kwarin. Ya ce, "Kai yaro, mahaifinmu shekara uku ya yi daga Kano zuwa Sawakin ta bakin tekun Sudan, a ƙasa, yana noma a hanya yana ci gaba. Ku kuna da mota kuna sauri. Ina za ku?" Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Kawu." Muka shimfiɗa darduma muka yi awa guda a wurin, kuma har yau in yara suna labarin tafiyar wannan zaman suke fara ambata.

In hazo ya rufe, kuma yakan rufe cikin minti biyar har ka kasa ganin bonet, rage gudu, kunna ƙananan fitilu da na hazo. Babbar fitila tana dawo maka da haske ido ne kawai. Bi farin layin gefen dama. Kar ka tsaya a kan kwalta. In abin ya gagara, shiga gidan mai na farko ka sha shayi. In kuma hadari ya haɗu, kar ka yi zango a cikin kwari ko da a bushe yake, kuma kar ka ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da aka yi a wani dutse da ba ka gani ba shi ke zuwa da motoci. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwambar 2009 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wuraren shaƙatawa, hura wuta a ƙasa da saran itacen daji laifi ne mai tara. Zo da ɗan risho na gas. Sharar ka kuma ta koma but. Kada ka ɗauki hoton mutane, balle iyalin wani, ba da izini ba.

Abha

Kwana biyu aƙalla. Kasuwar Talata tana cikin gari, a nan ake sayen zuma, turaren wuta, da kwanduna. Ka ci hanis, naman da ake gasawa a rami da ganyen itace, da safe kuma arika, wato kwaɓin alkama, da zuma da man shanu, wadda in ka ci sai La'asar. Dutsen Suda, mai tsayin kusan mita 3,000, yana kusa, sai dai ana ta gine-gine a can, ka tambayi mai masaukinka inda aka buɗe. Matambayi ba ya ɓata.

Rijal Alma tana yamma da Abha, kimanin kilomita 45. Dogayen gidajen dutse ne masu ado da farin ƙanƙarar dutse, a ciki kuma zanen bango mai launuka da matan Asir ke yi, wanda ake kira Ƙaɗɗ, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2017. Wanda ya san zanen gidajen Zariya da Kano zai daɗe a gabansa. Za ka ga maza da kambin furanni da ganyen ƙamshi a ka, adonsu ne na gado.

Gangara

Ko Rijal Alma za ka, ko gida za ka koma ta Muhayil, dole ka sauka ta ɗaya daga cikin hanyoyin da suke kira aƙaba. Ga abin da ya same ni a karon farko. Na ɗora ƙafa a birki tun daga sama, ina dannawa a hankali ba ɗagawa. Wajen rabin hanya sai wari ya cika motar, kamar ana ƙona roba da gashi. Hajiyarmu daga baya ta ce, "Wai me ke ƙauri ne haka?" Na taka birki na ji ya yi laushi. Allah Ya sa akwai fili a gaba, na lallaɓa na tsaya, hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Wani dattijo mai tsohuwar Hilux ya tsaya, ya hana ni watsa ruwa, ya ce ƙarfen zai lanƙwashe, in bar shi ya huce da kansa. Muka yi kusan awa guda muna zaune.

Abin da ya koya mini shi ne wannan. Tun kafin gangarar ta fara, sauke giya. In motar mai giyar hannu ce, ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya. In otomatik ce, cire ta daga D ka sa a 2 ko L, ko ka mayar da ita ɓangaren da ake sauya giya da hannu. Injin zai yi ƙara, bar shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe motar. Birki kuma ka taka shi da ɗan ƙarfi gudu ya ragu, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, sannan ka sake. Kar ka taɓa sa mota a furi a gangara don tsimin mai. Ka bar tazara mai yawa, kar ka wuce kowa a lanƙwasa, in na baya ya matsa maka da fitila ka ba shi hanya a inda ya dace ya tafi da rabonsa.

Hanyar gida

Daga Muhayil ka fita gaɓa, ka bi ta Ƙunfuza da Lis zuwa Jidda. Shimfiɗaɗɗiya ce, miƙaƙƙiya, mai zafi, kuma haɗarinta barci ne. Tsaya duk bayan awa biyu ko da ba ka ji gajiya ba, ka wanke fuska, ka zagaya motar ka duba tayoyi. In ido ya fara nauyi, shayi ba ya maganinsa, kwanta minti ashirin a inuwar gidan mai. Kuma ka yi iya ƙoƙarinka kar dare ya same ka, saboda raƙuma. Baƙin raƙumi a duhu ba a ganinsa sai an zo kansa, kuma tsayinsa ya sa in aka buge shi kan gilashi yake faɗowa. In ka ga ɗaya a gefe, akwai wasu.

A Ƙunfuza ko Lis ka tsaya cin kifi, ka zaɓa da hannunka a soya maka, da jar shinkafar sayadiyya. Wanda ke son rufe tafiyar da Umra, miƙatinsa ta wannan hanya Yalamlam ne, bayan an wuce Lis, don haka a ajiye harami a saman kaya, kar a binne shi ƙarƙashin katan ɗin zuma.

Washegari ka kai motar a wanke, a sake duba birki, ka buɗe Absher ka ga ko Sahir ya aiko da gaisuwa. Sannan a zauna rabon tsaraba: ruwan wardi na Hajiya da maƙwabta, ruman na yara, zuma kuma kwalba ɗaya ka ɓoye ta a ɗakinka tun kafin 'yan sannu da zuwa su fara sallama.